Kabul Na Biyu

Litinin, 16 ga Yuni 2025

Hamid, mai kula da na'urorinmu, ya tafi Yamai yau da safe, ya samu aiki a can. Da hantsi Mushe Ɗayyabu, direktan gidan rediyonmu, ya kira ni biro, wato ofis, ya ce daga yau ni ce mai kula da na'urori har a samu wani. Na ce, Mushe, ni fa sanarwa nake karantawa, ɓatan akuya da ɗaurin aure. Ya ce ba ke kika yi karatun ordinater, wato kwamfuta, a Maraɗi ba? Buga takarda na koya a Maraɗi. Na faɗa mashi, ya ce duk ordinater ne.

Jiya Hamid ya zagaya da ni a tsaitsaye, hankalinsa yana tasha. Abin da na riƙe: muryarmu tana fita daga sitidiyo ta cikin wani shuɗin kabul, ta bi kan katanga, ta tsallake ƙofar gida, ta shiga ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin dogon ƙarfen anten, inda na'urar emeter ke watsa ta. Kowane gefe akwai akwati mai ƙofofi a jere da ƴan fitilu, siwic sunansa, nan kabul-kabul ke haɗuwa. Ya ce in fitila kore ce, kar ki taɓa komai. Na ce in ba kore ba ce fa? Ya ce ki kira ni.

Laraba, 18 ga Yuni

Amalanken kara ya shigo gidan rediyo, lodinsa ya fi ƙofa tsawo, ya fizge kabul ɗin. Muna tsakiyar labarai. Shiru. Kowa ya juyo yana kallona, kamar ni na ɗora karan.

Asabar, 21 ga Yuni

Sai yau muka dawo. Kawu Ango, ƙanen Inna, shi ya ɗinke inda ya tsinke. Shi mai gyaran kuran ne, wutar lantarki, amma ya ce waya duk waya ce, kuma ga shi ta yi.

Mushe ya ce ba za a sake yi mana haka ba. Kabul biyu za a yi, ɗaya bisa katanga kamar da, ɗaya a binne cikin tiyo a ƙasa. In ɗaya ya mutu ɗaya ya ɗauka. Ya tambaye ni ko ba haka ba, na ce haka ne. Me zan ce? Biyu ai sun fi ɗaya. Kawu zai fara haƙa jibi.

Alhamis mai zuwa akwai babban shiri, kan burtali. Shuka ta fara fitowa, dabbobi kuma suna hawa arewa, an ce wajen Rumbu wasu sun noma har cikin hanyar shanu. Za a kawo Malam Sha'ibu daga Rumbu ya yi magana da bakin manoma, da Baba Intalla, wani Buzu daga Azagor, da bakin makiyaya. Kai tsaye, bayan la'asar. Aziza abokiyar aikina ce za ta gabatar.

Alhamis, 26 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Da safe Kawu ya gama binne tiyo, ya miƙo mani bakin sabon kabul ta taga, na cusa shi a siwic ɗin sitidiyo kusa da tsohon. Ɗaya bakin bai gama ɗaura mashi kai ba, ya ce zai ƙarasa can ɗakin emeter ya cusa da kansa. Na ce to.

An fara shiri. Malam Sha'ibu ya yi maganarsa tsaf, ya daɗe ma, har Aziza tana yi mashi alama da hannu. Sai aka ba Baba Intalla. Dogo ne, rawaninsa har hanci, ya ɗan sauke shi saboda mikoro, abin ɗaukar murya. Ya yi sallama, ya ce, "Mu abin da ya kawo mu..." Sai ƴar rediyon da ke kan teburina, wadda muke jin kanmu da ita, ta fara sarƙewa. Mu-mu-mu, kawo-kawo. Sai tsit.

Na ruga wajen siwic. Fitilu duk kore ne, duk! Amma suna ƙyafta-ƙyafta da sauri gaba ɗaya, lokaci guda, kamar an tsorata su. Ordinater ta ƙi motsi. Ta biro ma haka. Hamid ya ce in kore ce kar a taɓa. To ga kore, ga shiru. Na kira shi, waya kashe. Na cire wa siwic kuran na mayar, murya ta dawo kamar numfashi ɗaya, aka ji Baba Intalla ya ce "rijiya", ta sake mutuwa. Na sake, haka. Mushe a kaina yana cewa yi wani abu mana, Mansura.

Baba Intalla bai san an daina jinsa ba, ya ci gaba da magana a ɗakin gilashi, yana ƙirga abubuwa da yatsu. Wannan ya fi komai ci mani rai. Sai da wayarsa ta yi ta ƙara, mutanensa suna kira daga daji. Ya saurara, ya dube mu ta gilashi ɗaya bayan ɗaya, ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya tashi. Mushe ya bi shi har waje yana ba shi haƙuri. Bai ɗaga murya ba. Ya ce kawai, "Na Rumbu ya gama tashi maganar, ko?"

Yana fita ba da daɗewa ba Kawu ya zare sabon kabul wai ya duba kan da ya ɗaura. Rediyo ta dawo garau. Da waƙa. Mutumin ko tasha bai kai ba, garin duka yana jin waƙa.

Juma'a, 27 ga Yuni

Mushe ya ce kabul ɗin Kawu ne ruɓaɓɓe. Kawu ya ce a gwada. Muka cire tsohon muka bar sabon shi kaɗai: yana aiki lafiya lau. Muka cire sabon muka mayar da tsohon: lafiya lau. Muka sa duka biyu: fitilu suka haukace, komai ya tsaya.

Muka tsaya mu uku muna kallon akwatin. Kowanne shi kaɗai lafiyayye ne, in an haɗa su kuma cuta. Ta yaya? Mushe ya ce wataƙila biris ne, cutar na'ura, ya shiga ordinater. Kawu ya ce wataƙila kuran ke yi wa akwatin yawa ta hanya biyu. Ni ba ni da ko wataƙila.

Mun bar tsohon. Sabon yana rataye a ƙusa.

Asabar, 28 ga Yuni

Inna ta dawo daga kasuwa ranta ɓace. Ana cewa rediyon manoma ce, da gangan muka yanke Buzu da ya zo faɗin gaskiya. Wata mai nono ta ƙi sayar mata, ta ce ba ɗiyarki ce mai danna abin ba? Inna ta ce mani, "Ke mi ya kai ki taɓa kayan da ba ki sani ba?" Na ce ba ni na kai kaina ba.

Tun jiya ba makiyayi ko ɗaya da ya kawo sanarwar ɓatan dabba. Da kuwa a wannan lokaci layi suke yi.

Litinin, 30 ga Yuni

Na samu Hamid. Rezo, wato layin sadarwa, yana yankewa, shi kuma yana bisa babur ne ko me, iska ta cika wayar. Da na ce kabul biyu, ya yi salati. "Tsakanin siwic biyun nan? Wa ya ce ku yi haka? Bukul kuka yi!" Na ce mene ne bukul? Ya ce zagaye.

Abin da na iya tsinta: wai akwai saƙonnin da na'ura ke aikawa ga kowa da kowa, irin na cigiya, wane kana ina. Siwic in ya karɓi irinsu ta ƙofa ɗaya, sai ya fitar ta duk sauran ƙofofinsa. To na sitidiyo ya tura ta tsohon kabul, na ɗakin emeter ya karɓa ya fitar ta sabon, ya dawo sitidiyo, shi kuma bai gane cewa nasa ba ne, ya sake turawa. Na ce to ba ya gajiya? Ya ce ba ya gajiya, ba ya mutuwa, kuma sababbi suna ta shigowa suna bin sahu, wasu ta nan wasu ta can, har hanya ta cika maƙil, murya ta rasa inda za ta bi.

Na ce ke nan kabul biyu haramun ne. Ya ce a'a, daidai ne ma, haka manyan wurare ke yi. Na ce yanzu fa ka ce wa ya ce mu yi. Ya ce akwai abin da ake kunnawa tukuna, sai ya ambaci wasu haruffa uku, sai waya ta yanke.

Na zauna na zana akwati biyu da layi biyu a bayan takardar sanarwa, na bi da alƙalami ina zagayawa. Na gane zagayen. Abin da ban gane ba, akwatin da ya san ya kai muryata har Azagor, ya kasa gane saƙon da shi da kansa ya aika yanzu-yanzu?

Talata, 1 ga Yuli

An ce an yi cacar baki a wata rijiya arewa da Rumbu, har an zaro sanduna. Ba a ji wa kowa ba. Wanda ya ba Mushe labari ya ce a cikin rigimar an ambaci rediyo.

Ban ci abinci ba sosai.

Alhamis, 3 ga Yuli

Hamid ya turo saƙon murya, dogo. Na saurara har batir ya kusa ƙarewa. Haruffan STP ne. Wai in an kunna shi, akwatunan suna gaisawa tsakaninsu a kai a kai, su zaɓi ɗaya ya zama tushe, kowa ya nemi hanyarsa mafi kusa zuwa tushen, duk hanyar da ta rage a rufe mata ƙofa. Ba a kashe ta ba, tana nan tana saurare. Ran da ta farko ta mutu, gaisuwa ta daina zuwa ta can, sai a buɗe ta biyu.

A ƙarshe ya ce, da ƴar dariya, wai shi ya kashe abin tun bara, don yana sa ordinatoci jinkirin shiga rezo da safe, Mushe yana faɗa. Lokacin kabul ɗaya ne, ba ruwan kowa. Bai yi zaton... To.

Ya faɗi yadda zan shiga cikin siwic ta ordinater, da kod ɗin, wato lambar sirri, da inda zan danna. Duka biyun, ya ce, na sitidiyo da na emeter. Na ce mashi a saƙo, in na danna abin ya lalace gaba ɗaya fa? Ya turo hoton babban yatsa. Me babban yatsa ke nufi a nan?

Juma'a, 4 ga Yuli

Na yi, lokacin da maza suka tafi masallaci, mun sa karatu a rediyo. Shafin duk Turancin Ingilishi ne, ko Faransanci babu. Na bi hoton da Hamid ya turo layi-layi. Na danna. Sai karatu ya tsaya. Fitilu duk suka koma ruwan lemo. Na ce shi ke nan, na kashe gidan rediyo ranar Juma'a. Na kasa ko kiran Hamid. Ina tsaye ina innalillahi sai suka fara komawa kore ɗaya-ɗaya, karatu ya ci gaba daga inda yake.

Na yi wa na ɗakin emeter haka, wannan karon na san zai yi shiru. Sannan na ɗauko sabon kabul daga ƙusa, na yi bismillah, na cusa. Na rufe ido. Karatu bai tsaya ba. Na buɗe: fitilar tsohon kore, fitilar sabon ruwan lemo, ta tsaya a haka.

Na zauna a ƙasa, a kan siminti, na daɗe.

Lahadi, 6 ga Yuli

Ashe ban huta ba. Jiya na nuna wa Mushe da murnata. Ya duƙa ya dubi fitilar ya ce, "Wannan ai a mace yake." Na ce a'a, jira yake. Ya ce jiran me? Na ce jiran ɗan'uwansa ya mutu. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce an haƙa tsakar gida, an binne tiyo, don kabul ya zauna yana jira? In lafiyayye ne me ya sa na'ura ta ƙi shi ta zaɓi tsoho mai ɗinki? Gaskiya ni ma abin ya tsaya mani: me ya sa ta zaɓi mai ɗinkin?

Ya faɗi haka a gaban mutane a bakin ƙofa, maganar ta kai kunnen Kawu. Yau Kawu ya zo gida, bai ko zauna ba, ya ce wa Inna, "Shekara nawa ina aiki garin ga, ba a taɓa ce mani na sa ruɓaɓɓen kaya ba. Yanzu ɗiyarki ta kunna wata hitila tana nuna ma duniya aikina ya mutu." Inna ta ce in je in mayar da fitilar kore. Na ce in ta zama kore tare da ɗayar, rediyo za ta mutu. Ta ce to ki bar ta ta mutu mana, ta hi kawunki?

Kowa yana fushi da ni ta wani gefe daban, kuma duk a kan fitila ɗaya.

Talata, 8 ga Yuli

Hamid ya ce na'ura ba ta san sabo da tsoho ba, ba ta san ɗinki ba. A wurinta hanyoyin biyu daidai suke, sai ta raba gardama da lambar ƙofa, ƙaramar lamba ta ci. Shi ke nan dalilin. Lamba. Na yi ta neman wata babbar hikima ashe babu.

Da azahar na kira Mushe, na aika a kira Kawu, ya zo yana cin magani. Na musanya kabul ɗin biyu, kowanne ya koma ƙofar ɗan'uwansa. Bayan ɗan shirun nan, sai ga na Kawu kore, tsohon ya koma ruwan lemo. Kawu ya ce, "To, Mushe, yanzu wanne ya mutu?" Mushe ya gyara gilashinsa. Ya ce in zare koren ya gani.

Na zare. Waƙa ta tsaya. Muka tsaya. Shirun ya yi tsawo, ya yi tsawo, Mushe ya fara buɗe baki, ni kuma ina ji kamar in nutse. Sai fitilar lemo ta juya kore, waƙa ta dawo. Kawu ya yi dariya har da tafa hannu. Mushe ya ce a sake. Muka sake. Ya ce a musanya a sake. Muka yi ta yi har Aziza ta leƙo ta ce masu saurare suna kira suna tambaya ko lafiya.

Mushe ya ce abin ya yi, amma shirun nan ya yi yawa, in ya faɗo a bakin wani baƙo mun koma gidan jiya. Da gaskiyarsa.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ashe STP ɗin akwai irinsa mai sauri, harafi ɗaya aka ƙara a gaba, yana nan ƙasan wancan a shafin. Na tambayi Hamid me ya sa bai ce in danna shi tun farko ba. Ya ce ya manta akwatunanmu suna da shi. Na canza. Yanzu in na zare kabul, waƙa shaƙuwa ɗaya take yi ta wuce.

Ban san me ya sa wancan ke jinkiri wannan ba ya yi ba. Ya fara bayani, na ce bari, kaina ya cika.

Asabar, 12 ga Yuli

Mun je wajen Baba Intalla ni da Mushe. Ya shigo gari, ya sauka gidan wani ɗan'uwansa bayan kasuwar dabbobi. Ya karɓe mu da mutunci, aka dafa shayi, amma fuskar nan ba sakewa. Mushe ya yi dogon bayani, da Faransanci a ciki. Baba Intalla ya bari ya gama, ya juyo gare ni. "Ɗiyata, an ce ke ce mai na'urar. Ke faɗa mani."

Na rikice. Na fara da siwic, na ga bai da amfani, na koma kan amalanke. Na ce mun ji tsoron hanya ɗaya za ta yanke, muka yi biyu, aka haɗa ta biyun daidai lokacin da ya fara magana, saƙo ya riƙa zagayawa yana dawowa har ya toshe duka. Na ce wallahi Baba ko ni ban gama ganewa ba, amma ba wanda ya danna komai don a yanke ka. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke fita kamar ƙarya.

Ya ajiye ɗan kofinsa. Ya ce, "Hanya ta yi maku yawa ke nan." Na ce eh. Ya ce, "Mu kuwa rashinta ya kawo mu." Ba wanda ya yi dariya.

Ya tambaya ko zan iya rantsewa ba za ta sake yankewa ba. Mushe ya yi caraf zai ce eh. Ni na ce ba zan iya ba, Baba, na'ura ce, kuma ni sabuwa ce a kanta. Mushe ya harare ni. Baba Intalla ya ce zai zo ranar Alhamis, amma shi zai fara magana, kuma ni in zauna inda zai riƙa ganina.

A hanya Mushe ya ce na kusa ɓata komai. Ban sani ba ko na ɓata ko na gyara.

Litinin, 14 ga Yuli

Biro ba rezo tun safe, amma rediyo lafiya. Na duba siwic ɗin sitidiyo, ƙofar da ke zuwa biro ta koma ruwan lemo. Wa ya ce mata? Can ai kabul ɗaya ne. Na ɗauki waya zan kira Hamid, sai na ce bari in leƙa tukuna. Ƙarƙashin teburin Aziza akwai ɗan ƙaramin akwati mai raba rezo. Na bi kabul ɗinsa ɗaya-ɗaya da hannu, na samu wani gajere, bakinsa biyu duk a cikin akwatin. Aziza ta ce ta gan shi yana yawo a ƙasa da tana shara, ta ga rami ba kowa, ta cusa. Na zare, biro ta dawo.

Wato babban ya ji zagaye a can ya rufe ƙofar tun kafin abin ya iso sitidiyo. Ina jin haka ne. Ban kira Hamid na tambaya ba.

Alhamis, 17 ga Yuli

An yi.

Hadari ya haɗo tun azahar, na yi ta addu'a ya jira. Baba Intalla ya zo da mutum biyu, Malam Sha'ibu ma ya zo. Na sa kujera daidai gilashi, ƴar rediyo a cinyata. Baba Intalla ya fara. Ya yi maganar burtalin da aka noma, da rijiyar da aka kewaye da ƙaya, ya kuma ce a cikin nasu akwai masu sakin dabbobi cikin shuka, bai ɓoye ba. Ya yi da Hausa, ya maimaita da Buzanci. Yana cikin Buzancin iska ta taso da ƙarfi, ƙofofi suna bugawa, na ji wani abu ya faɗi a waje. Rediyon cinyata ta yi ɗan ƙit, kamar mutum ya haɗiye yawu, ta ci gaba. Ya ɗago ya dube ni. Na gyaɗa kai, ban ma san me nake gyaɗawa ba.

Ya gama, Malam Sha'ibu ya amsa, suka ɗan yi zafi, suka sauko. Sun yarda za a fita a duba burtalin tare da mutanen meri, ofishin magajin gari, a sa alamu. Waya ta yi ta shigowa har lokaci ya ƙare.

Da suka tafi na je wajen siwic. Fitila ɗaya a mace ɗungum, ba kore ba lemo. Ɗayar kore. Na fita cikin yayyafi: reshen dogon yaro ya karye ya faɗo kan katanga, ya tsinke kabul ɗin sama. Ke nan shi ke ɗauke da murya lokacin. Ni kuwa duk zatona na Kawu na bari a ƙaramar lamba. Mun yi ta musanya ranar Talatar nan, duka shuɗɗa ne, na ruɗe. Da na san na saman ne ke aiki da hadarin nan, da ban iya zama a kujerar ba.

Juma'a, 18 ga Yuli

Mushe ya ga reshen, ya ga fitila, ya ce, "Ashe." Da yamma an gan shi a shagon Kawu, wai ya je a zo a ɗinke na saman. Kawu ya ce sai ya duba lokacinsa. Zai zo.

Wani Bafillace ya kawo sanarwar ɓatan karsana biyu. Ni na karanta.

Na ɗaura wa na ƙasa jan zare a bakinsa, gefe biyun.

Laraba, 23 ga Yuli

Har yanzu ban gane yadda suke zaɓen tushen ba. Hamid ya ce shi ma lamba ce, kuma ana iya faɗa masu wanda ake so. Na duba, na ɗakin emeter suka zaɓa, mai zafi da ƙura, ni da na sitidiyo zan so. Na ga wurin da ake canzawa. Ban taɓa ba. Tukuna.

Yau mai makarantar kuɗin da ke bayan tasha ya tare ni a hanya. Wai ɗakin ordinatocinsu ya tsaya cak tun da suka ƙara wasu, an ce mashi ni ce na gyara na rediyo. Na ce Alhaji ni sanarwa nake karantawa, ba aikina ba ne, a nemi masu abin daga Maraɗi. Ya ce to, Allah ya sa a dace. Har ya juya sai na ji bakina yana tambaya, fitilun akwatin, a hankali suke ƙyaftawa ko duk tare da sauri? Ya ce duk tare, kamar mahaukata.

Na ce wa Aziza ta karɓar mani sanarwar la'asar gobe. Leƙawa kawai zan yi.